Kwafi Kafin Gyara: Yadda Ake Ceto Bayanan Tsohuwar Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Sau da yawa bayanan da ke cikin tsohuwar kwamfuta ba sa salwanta a ranar da ta ƙi tashi, sai a ranar da aka kira mai gyara, domin abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya goge faifan, ya zuba sabuwar manhaja, ya miƙa wa masu ofis na'ura mai aiki amma wayam. Wannan haɗari yana rataye a kan duk wani ofishin gunduma ko asibiti ko makaranta daga Kpandai da Salaga zuwa Yendi da Bawku a arewacin Gana, inda rajistar ma'aikata da ta marasa lafiya da sakamakon jarrabawa suka daɗe da barin takarda suka koma faifai. Masu farfaɗo da kwamfutocin shekarun 1970 sun fi kowa sanin wannan matsala, saboda na'urorin da suke aiki a kansu ba su ɓoye komai ba, kowane mataki na tashinsu da kowane irin ciwo nasu a fili yake, don haka darasin da aka koya a kansu yake amfani har a kan kwamfutar tebur ta yau.

Minikwamfuta, irin na'urar da suke farfaɗowa, ita ce matsakaiciyar kwamfutar da ta fito a tsakanin manyan na'urori masu cika ɗaki da ƙananan kwamfutocin da suka shiga gidaje daga baya; girmanta kamar na firiji ne ko kabad, kuma mutane da yawa kan yi aiki da ita a lokaci guda, kowa da allonsa. Kamfanin Digital Equipment Corporation, wanda ake taƙaitawa DEC, da Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a jihar Masachusets ta Amurka a 1957, shi ne ya mamaye wannan kasuwa, ya fitar da PDP-8 a 1965, da PDP-11 a 1970 wadda aka sayar da kimanin 600,000 nata, sannan VAX a 1977. Gana ma tana da hannu a wannan tarihi, domin Farfesa Nii Quaynor, wanda ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Cape Coast a 1979 kuma kamfaninsa na NCS ya yi jagorar shigo da intanet ƙasar, ya yi shekaru yana aiki a DEC. Kamfanin Compaq ya saye DEC a 1998, kuma daga baya, sannu a hankali, kula da yawancin waɗannan na'urori ya koma hannun gidajen tarihi da tsofaffin injiniyoyi da masu sha'awa.

Kafin a fahimci dalilin ƙin tashi, sai an san abin da tashin ya ƙunsa. Idan aka kunna PDP-11, masarrafinta, wato sashen da ke aiwatar da umarni, bai san komai game da faifai ba, don haka yana buƙatar wani ɗan gajeren shiri da zai koya masa karanta gunduwa ta farko. A tsofaffin samfura ma'aikaci ne kan shigar da wannan shiri da hannunsa, lamba bayan lamba, ta maɓallan da ke jere a gaban na'urar, daga baya kuma aka dasa shi a cikin wata ƙwaƙwalwa da ba ta gogewa. Gunduwa ita ce ƙaramin yankin da ake karantawa ko rubutawa a faifai a lokaci guda, girmanta bait 512, kusan haruffa 512 ke nan, abin da bai cika rabin shafin littafi ba. Shirin da ke cikin gunduwa ta farkon shi ne zai duba fihirisar faifan, ya gano inda babbar manhajar gudanarwa take, ya ɗauko ta ya miƙa mata ragama. Faifan RK05, wanda aka fi amfani da shi a farkon zamanin PDP-11, yana da gunduwa 4,872, jimlarsu kimanin megabait biyu da rabi, kuma lalacewar guda ɗaya tak daga cikinsu, in dai ita ce ta farko ko wadda ke riƙe da fihirisa, ta isa ta sa na'urar ta yi shiru alhali sauran 4,871 lafiyarsu lau.

Lalacewar iri biyu ce, kuma rashin bambanta su shi ne tushen ɓarna. Akwai wadda ta shafi tsarin rubutu kawai, faifan kansa bai ji rauni ba. Manhajar Unix, alal misali, ba ta rubuta kowane canji a faifai nan take, takan tara shi a ƙwaƙwalwa ta zubar da shi duk bayan daƙiƙa 30, ta yadda idan wuta ta ɗauke a tsakani sai fihirisa ta ce wani abu, gundayen kuma su ce wani. Wanda ya zauna a Gana a shekarun dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, daga 2012 zuwa 2016, ko yake shan wutar kamfanin NEDCo mai raba lantarki a arewacin ƙasar a lokacin guguwar farkon damina, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yadda hakan ke faruwa. Iri na biyu shi ne raunin jiki. Kan da ke karanta faifai ba ya taɓa shi, yana shawagi ne a kan iskar da juyawar faifan ke tayarwa, a tazarar da ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba, saboda haka ƙwayar ƙura guda tana iya shiga tsakani ta sa kan ya karce fatar maganaɗisun da rubutun ke kanta. Abin da aka karce ya tafi har abada, kuma garin da ya fito daga karcewar yakan jawo wata karcewar. A ƙasar da hazon hunturu ke shiga ta kowace kafa daga Disamba zuwa Fabrairu, tsohon faifai mai cirewa da aka ajiye a kan kabad ba tare da murfi ba abin tsoro ne.

Saboda haka ƙwararru ba sa fara aiki da kunna na'ura. Sukan cire allunan lantarkinta, su gwada sashen ba da wuta shi kaɗai, domin kafasita, wato ƙananan gwangwanayen da ke daidaita ƙarfin wuta, sukan bushe bayan shekaru, su aika wuta marar daidaito da za ta ƙone abin da ba a ƙera irinsa yanzu. Sukan canza matatar iska ta injin faifai, su share soson da ya ruɓe ya zama gari, su goge kan karatu, su duba fuskar faifan da fitila, sannan su gwada injin da wani faifan da ba a damu da abin da ke cikinsa ba. Akwai tarin shirye-shiryen gwaji na DEC da ake kira XXDP, waɗanda ke tantance ko laifin na ƙwaƙwalwa ne ko na allon da ke sarrafa faifai, kuma ba ƙaramin abin takaici ba ne a gano bayan an goge faifai cewa tun farko waya ce ta saki. Sai an gama duk wannan ake saka faifan da ake son ceta, a danna maɓallin hana rubutu da ke gaban injin, a kwafe shi gunduwa bayan gunduwa zuwa kwamfuta ta zamani, har da wuraren da fihirisa ta ce babu komai. Shirin VTserver na Warren Toomey yana yin wannan aiki ta siririyar wayar da allon ma'aikaci ke amfani da ita, inda faifan RL02 mai megabait 10 kan ci kusan sa'a uku a gudun da aka saba da shi. Kowace gunduwa tana ɗauke da lambar tantancewa da ake lissafawa daga abin da ke cikinta, don haka injin da kansa zai faɗi wadda ta karantu daidai da wadda ake shakka a kanta, a rubuta lambobin masu shakkar, a sake gwada su daga baya.

Wannan ƙa'ida ta kwafi kafin komai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwanja, inda Salaga take. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa malamai da fataken goro na zangon garin, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya ci gaba da karantarwa da rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934, kuma tsohon garin Kete-Krachi ɗin ma tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Abin da ya tsira daga rubuce-rubucen wannan yanki ya tsira ne saboda almajirai sun kwafa sun tafi da shi garuruwa daban-daban. Da aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon a 1961, Thomas Hodgkin da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo sun bi hanya mai kama da wannan, sukan ari littafi daga mai shi, su ɗauki hotonsa, su mayar masa da asalin, sannan wasu kwafe-kwafen suka isa ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka. Littafin tarihin nan na tsakiyar ƙarni na 18, Kitabu Gunja, da Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka buga a 1986, an daidaita matanin nasa ne ta hanyar muƙabala, wato jera kwafe-kwafe da dama ana cike giɓin wannan da wancan. Mai ceton faifai ma muƙabala yake yi idan ya karanta faifai sau uku ya gwama sakamakon, ko ya ɗauko gunduwar da ta mutu daga wani tsohon kaset na ajiya.

Da zarar kwafin ya samu, sai a mayar da faifan asali cikin akwatinsa, a koma aiki a kan kwafin kwafi. Manhajar SIMH, wadda tsohon injiniyan DEC Bob Supnik ya fara rubutawa a 1993, tana sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi PDP-11 ko VAX har tsohuwar manhaja ba za ta gane bambanci ba, don haka ana iya tayar da lafiyayyen tsari a cikinta, a jingina masa marar lafiyar a matsayin faifai na biyu, a leƙa cikinsa. Sauƙin aikin ya danganta da manhajar da ta rubuta faifan. Manhajar RT-11 takan ajiye kowane fayil a jere ba tare da yankewa ba, ta fara fihirisarta daga gunduwa ta 6, shi ya sa ko fihirisar ta mutu mai haƙuri zai iya bin gundaye ya gane inda wasiƙa ta fara da inda ta ƙare. Tsohuwar Unix kuwa takan warwatsa fayil a ko'ina, ta dogara da gunduwa ta 1, wadda ke riƙe da girman faifai da jerin wuraren da ba kowa, da kuma wasu ƙananan rajistoci da ke faɗin inda kowane yanki na kowane fayil yake; idan waɗannan suka lalace aikin ya zama na haɗa tarwatsattsun shafuka marasa lamba. Wannan rauni ne ya sa masu Unix ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da tsari a 1983 mai ajiye kwafin wannan muhimmiyar gunduwa a wurare da yawa. Akwai kuma shirin fsck mai duba faifai ya gyara saɓani, amma ya kamata a san cewa burinsa shi ne fihirisa ta daidaita, ko da hakan na nufin ya yanke fayil ko ya jefar da shi, don haka sakin sa a kan faifan da ba shi da kwafi ganganci ne.

Misalin da ya fi nuna iyakar abin da za a iya cetowa shi ne na Unix ta farko, wadda aka ɗauka ta ɓace. An sami wasu takardu na 1972 da aka buga ainihin rubutun shirinta a kansu, wasu masu sa kai ƙarƙashin jagorancin Toomey suka sake shigar da shi a 2008, suka haɗa da guntayen da aka tsamo daga kaset biyu da Dennis Ritchie ya bayar, har ta tashi a cikin SIMH. Wani misalin kuma daga Gana ya fito, ko da yake ba mai daɗin ji ba ne: a 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia da ke binciken sharar lantarki sun sayi tsohon faifai a kasuwa a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar kamfanin tsaro na Northrop Grumman da gwamnatin Amurka a cikinsa. Faifan da ya bar hannun mai shi, wani ya karanta shi ba tare da wahala ba, kuma wannan ya isa gargaɗi ga duk ofishin da ke sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin kwamfutocinsa da faifansu a ciki.

Kwamfutocin da ke ofisoshin arewacin Gana ba PDP-11 ba ne, amma matakan ba su canza ba, kuma kayan aikin sun fi araha: shirin ddrescue, wanda kyauta ne, yana kwafe lafiyayyun wurare tukuna, ya koma kan masu ciwo daga baya, yana rubuta taswirar abin da ya samu. Matsalar da ta fi girma ita ce ta tsufan manhaja. Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo ta fara rajistar haihuwa da mutuwa da ƙaura ta yankinta a 1993 da tsarin da aka gina a kan FoxPro, manhajar da Microsoft ya sanar da daina sabunta ta a 2007, kuma duk wata ma'aikata da ta yi amfani da irin wannan manhaja a wancan zamani tana buƙatar adana manhajar tare da bayanan, in ba haka ba kwafin ba zai buɗu ba. Dokar 1997 mai lamba 535 ta ɗora wa hukumar PRAAD, wadda ke da reshe a Tamale, alhakin kula da takardun gwamnati, amma hukunci na farko a kan faifan da ya ƙi tashi a hannun shugaban ofis yake, tun kafin labari ya kai Tamale. Ya kamata kowane daraktan gunduma da shugaban asibiti da na makaranta, daga Kpandai har Bawku, ya sa a rubuce cewa ba mai gyaran da zai goge faifai ko ya zuba sabuwar manhaja sai ya fara miƙa cikakken kwafi biyu, a ajiye ɗaya a ofis, a kai ɗayan wani gari.