Yadda Na Haskaka Garejina a Al Wukair Ba Tare da Aljihu Ya Yi Kuka Ba

Jama'a, bari in fara da abin kunyar da ya jawo wannan aiki. A nan Al Wukair, kudu da Doha, ba a taɓa ƙarfen mota da rana a lokacin zafi, domin yanayi kan haura digiri 45. Duk wani gyara sai bayan isha'i. Wani dare na canza wa motata baƙin mai da filta, kwan fitila ɗaya tal a silin, tocilar waya a baki. Ban lura ba ashe robar tsohuwar filtar ta maƙale a jikin injin, na ɗaura sabuwa a kanta. Washegari ko filin wasa na Al Janoub ban wuce ba, fitilar mai ta kama a dashbod. Da na ƙara gaba kaɗan, da injin ya tafi. Laifina ne, amma duhu ne ya taya ni.

Garejin nawa mita 3 ne da mita 6, kuma gidan haya ne, don haka babu zancen fasa bango. Ga abin da na koya, wanda bidiyo ba zai ba ni lokacin bayyanawa ba.

Na farko, ka daina tambayar mai shago "wat nawa ne?" Wat wutar da kwan ke sha ce. Hasken da yake bayarwa ana auna shi da lumen, wanda ya sauka a kan kowace murabba'in mita kuma shi ne luks. Aikin hannu irin na makanike yana son kamar luks 500. Garejina murabba'in mita 18 ne, ka ga lumen 9,000 ke nan a takarda. Amma bango da ƙura da tsayin silin suna cinye kaso mai yawa, shi ya sa na kusa ninka lissafin. Na je Dragon Mart na sayo dogayen fitilun LED guda huɗu masu tsawon santimita 120, kowace wat 40, lumen wajen 4,000. Duka huɗun wat 160 ne, ba su kai ko sulusin tsohuwar fitilar halojin mai wat 500 ba, wadda zafinta kaɗai haɗari ne kusa da fetur.

Na biyu, kuma shi ne kan maganar: inda ka ɗora fitila ya fi yawanta muhimmanci. Da farko na jera su a tsakiyar silin. Kai, rufin mota ya sha haske kamar ana biki, amma ina ɗaga bonet sai injin ya koma cikin inuwa, ni ma kaina na ƙara tare wani hasken. Sai na sauke su, na mayar da biyu gefen dama, biyu gefen hagu, daidai inda bango ya haɗu da silin, na ɗan turo na gaba zuwa wajen injin. Fitilun nan dai su ne, ban ƙara ko riyal ɗaya ba, amma yanzu haske na shigowa ta gefe biyu, inuwar ɗaya ɗayar na goge ta. Da izinin mai gida na shafa wa bangon farin fenti, shi ma ya dawo da hasken da sumunti ke haɗiyewa.

Na uku, ka karanta kwali. Launin haske tsakanin 4000K da 5000K ya fi daɗin aiki. Mai 6500K yana da shuɗi-shuɗi, ni dai yana gajiyar min da ido. Ka duba CRI ya kai 80 ko fiye, in ba haka ba wayar ruwan ƙasa da ja za su yi maka kama, kuma ba ka son wannan a wayarin mota. Sai alamar IP65, wato ƙura ba ta shiga. Mai zama a Katar ko Sakkwato ya san dalili. Ka kuma zaɓi mai jikin alminiyam, domin zafi ne ke kashe LED da wuri.

Ƙarƙashin mota kuwa babu fitilar silin da ke kaiwa. Nan sai tocilar goshi da ƙaramar fitila mai caji mai maganaɗisu da za ka manna a ƙarfe. Su biyun sun fi komai araha, kuma da ina da su a daren nan, da na ga robar.

'Yan uwa na gida, Kano ko Maraɗi, wannan tsarin zai yi muku. Wat 160 ƙaramar inbata za ta ɗauka. In babu, akwai LED mai bol 12 da ke aiki kai tsaye da batir, amma ka sa fiyus kusa da batirin, kuma kada ka yi da na motar da kake gyarawa, ka tashi ta ƙi tashi. Haɗa wayar gida kuma, in ba ka iya ba, don Allah ka kira mai wayarin. Ni ma kira na yi.

Makon jiya na sake canza mai. Ina cire filta, abin da na fara dubawa robar nan ce. Tana jikin tsohuwar filtar, na gan ta ƙarara.