Tsohuwar Mota da Zancen Miliyoyi: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

A majalisun dillalan mota da rumfunan kanikawa, da kuma saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, akwai zancen da ya ƙi mutuwa: wai Turawa na neman tsofaffin motoci ruwa a jallo, duk mai Peugeot 504 ko tsohuwar Mercedes a bayan gida arziki ne ke kwance masa a ƙarƙashin ƙura. Zancen ya hana wasu magada sayar da motar mahaifinsu a farashin hankali har ta ruɓe a tsakar gida. Ya kuma sa wasu sun kwashe jarinsu sun sayi ƙarfen da fenti kawai ya riƙe. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne akwai gaskiya a cikinsa.

Gaskiyar ita ce akwai tsofaffin motocin da kuɗinsu ya wuce hankali. A watan Mayun 2022 an yi gwanjon wata Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut Coupé ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. A 2018 wata Ferrari 250 GTO ta tashi a kan Dala miliyan 48 da ɗoriya a Amurka. Sai dai mai yaɗa labarin ba ya faɗin ɗaya rabin. Waccan Mercedes guda biyu rak aka ƙera a duniya, ita kuwa 250 GTO guda 36 ce. Peugeot 504 fa? Daga fitowarta a 1968 zuwa 1983 da aka daina yin ta a Turai an ƙera fiye da miliyan uku, sannan masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Mercedes W123, wato dangin 200 da 230E da 280E na 1976 zuwa 1986, ta kai kusan miliyan 2.7. Volkswagen Beetle ta haura miliyan 21. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada idan ana samunsa a kowane lungu.

A cikin dangin 504 ɗin ma akwai masu daraja, amma ba su ne aka saba gani a tashar Kano zuwa Kaduna ba. Su ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda suka fito a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinsu. Mai buɗaɗɗen rufi da injin V6 ba a yi ko dubu ɗaya ba, shi ya sa masu tara motoci a Faransa ke rububinta. Wagon ɗin haya da akori-kurar da ta yi shekara talatin tana dakon hatsi ba sa cikin wannan sahu, ko da an yi musu wankan tsarki.

Wani reshen jita-jitar ya fi wannan ban takaici, na masu cewa akwai "jan makuri" ɓoye a cikin mita ko injin tsofaffin motoci. Babu wani sinadari mai wannan suna da aka taɓa tabbatarwa. Irin wannan zance ne ya sa mutane a Saudiyya a 2009 suka riƙa sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsabar kuɗi masu yawa. Ƙarfe mai tsada da ake samu a mota na gaske yana cikin tukunyar tace hayaƙi ta salansar motocin zamani, wadda ke ɗauke da ɗan filatinam da danginsa. 504 mai kafireto ta Kaduna ba ta da wannan tukunya ma.

To, a ce mutum don sha'awa yake so, ko ya ci karo da samfurin da ke da kasuwa. Kalmar farko da zai ji daga bakin dillali ita ce: "Alhaji, komai nata na asali ne, ba a taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ba." A nan ne aikin yake, kuma daga lamba ake farawa.

Yawancin motoci suna da lambar casis a wuri biyu aƙalla: ɗaya a kan ɗan farantin ƙarfe da aka maƙala, ɗaya an buga ta a jikin ƙarfen motar kansa. Farantin abu ne mai sauƙin cirewa a mayar wa wata mota, don haka wadda aka buga a jiki ce shaida. A Beetle tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan doron da ya ratsa tsakiyar motar. Idan an same ta, a haska da tocila ta gefe, a shafa da yatsa. Haruffan masana'anta zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Idan wurin ya fi kewayensa santsi, ko akwai alamar walda ta zagaye lambar, ko fentin wajen ya fi na sauran ɗakin injin sabunta, an yi aiki a wurin. Mota irin wannan ko ta sata ce, ko an ɗora mata sunan wata.

Wasu na cewa duk motar da lambarta ba ta kai harafi 17 ba jabu ce. Wannan kuskure ne. Tsarin harafi 17 ya zama doka a Amurka ne daga 1981, sauran ƙasashe suka bi sannu a hankali. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin. Hasali ma motar da aka ce ta 1972 ce amma tana ɗauke da lamba mai harafi 17 ita ce abar tuhuma. A sabon tsarin ba a amfani da haruffan I da O da Q, kuma ukun farko suna nuna kamfani: VF3 Peugeot ta Faransa, WDB Mercedes, WVW Volkswagen.

Lambar Mercedes tana da daɗin karantawa domin tana faɗin samfurin motar da bakinta. A W123, idan ta fara da 123.033 to 280E ce, 123.223 kuwa 230E ce, 123.020 ko 123.220 kuma 200 ce. Tambarin da ke bayan but ƙusa biyu ne ko ɗan gam ke riƙe da shi. An sha ɗaukar 200 a liƙa mata 280E a ƙara kuɗi, alhali lambar na nan tana ƙaryata tambarin ga duk wanda ya sunkuya ya duba. Bayan haka kamfanonin da kansu suna ajiye tarihi. Sashen tsofaffin motoci na Mercedes yana iya fitar da kwafin katin da aka cika ranar ƙera mota, mai ɗauke da lambar injinta da launinta da kayan da aka sa mata. Peugeot na da ma'ajiyar tarihinta a yankin Sochaux a Faransa, Volkswagen a Wolfsburg, motocin Ingila irin su Land Rover kuma a Gaydon. Mai shirin kashe miliyoyi bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin wannan takarda ba.

Sai batun inji. Ana cewa motar da aka sauya wa inji ta tashi daga aiki, darajarta ta zube. Ga Ferrari ko tsohuwar Porsche haka ne, bambancin kuɗin na da yawa, domin masu sayen suna son injin da motar ta fito da shi. Ga 504 ta gida kuwa zancen bai kai nan ba. Injinta mai cc 1971 shi ne aka sa wa wasu samfuran 505, kuma da wuya ka samu 504 da ta yi aiki a hanyoyinmu ba a taɓa sauke mata inji ba. A ganina sauyin ba laifi ba ne. Ɓoye shi ne laifin, da kuma karɓar kuɗin "ba a taɓa ba" a kan motar da aka taɓa.

Mita ita ce shaidar da aka fi yarda da ita, ita ce kuma ta fi saurin yin ƙarya. Motoci da yawa na wancan zamani mitarsu gurbi biyar gare ta, tana kaiwa 99,999 sai ta koma sifili, ta yadda 40,000 na iya zama 140,000 ko 340,000. Waya ce ke juya ta, idan ta tsinke mota na iya shekara goma tana tafiya lamba na tsaye. A duba robar birki da ta kuloci, da inda hannu ke kama sitiyari, da gefen kujerar direba, da yadda ƙofarsa ke sauka idan an buɗe ta. Waɗannan ba sa komawa sifili. Kuma yawan tafiya ba shi ne mutuwar mota ba: wata Mercedes 240D ta wani direban tasi a Girka ta yi kilomita miliyan 4.6 kafin ta koma gidan tarihin kamfanin a 2004. Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce ake yi wa kirari da "shekara ashirin tana ajiye a gareji". Man birki ya sha danshi, fetur ya daskare a tanki da kafireto, robobi sun bushe, ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi.

"Motar Arewa ba ta tsatsa" rabin gaskiya ne. Ba mu da gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ba mu da iskar teku irin ta Legas. Amma ranar da ta hana tsatsa ita ce ke farfasa robar gilashi, ruwan damina ya bi ta nan ya kwanta a ƙarƙashin kafet da ramin safaya. Kuma motar da ke Kano yau mai yiwuwa ta yi rabin rayuwarta a Apapa, ko ta shigo daga Beljiyam ta Kwatano. A ɗaga kafet, a leƙa ƙasan ƙofofi da mazaunin batir da inda ake kafa jak. A naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ƙullin cike lamɓa ne mai gyaran bodi ya shafe a wurin. Fentin masana'anta da ya dushe ya fi sabo mai sheƙi daraja a wajen masu sanin abin, domin ana iya ganin abin da ke ƙarƙashinsa.

Inda na fi jin daɗin bincike shi ne takardu, musamman idan aka zo da labarin "motar wani sarki ce" ko "ta tsohon gwamna ce". Tarihin mai mota yana ƙara daraja, babu musu. Baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, kuma ba don ƙarfenta ake zuwa kallonta ba. Amma labari sai da hujja: rasit, tsohon littafin rajista, hoton da lambar motar ta fito a ciki. Masu ƙirƙirar takarda kuma sukan manta da tarihin ƙasarsu. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, saboda haka rasit ɗin 1971 da aka rubuta da Naira ya tona kansa. An ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, Jigawa a 1991, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988. Takardar 1980 mai ɗauke da sunan jihar Katsina ko jihar Jigawa ko FRSC ta bogi ce. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Ghana a 1974, don haka motar da aka ce sabuwa aka saye ta a Kano a 1968 ana sa ran sitiyarinta na dama, ko a ga alamar an mayar da shi. Idan ba haka ba sai mai ita ya yi bayani. Haka kuma wanda ya ce motarsa haɗin Kaduna ce sannan ya miƙo takardar kwastan ta shigo da ita daga waje, ɗaya cikin maganganunsa biyu ba gaskiya ba ce. Kafin a biya ko sisi, a kai lambar casis wurin 'yan sanda a duba rajistarsu ta motocin sata, idan kuma motar gado ce a tabbatar duk magada sun amince.

Farashi shi ne wurin da wayar hannu ta fi ruɗar mutane. Mutum ya ga an sa wa 504 kuɗi a wani shafin Faransa, ya buga lissafi zuwa Naira, ya ce tasa ma haka take. Abin da ya gani kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka saya ba. Sakamakon gwanjon da aka kammala shi ne ma'auni. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty yana kasa su mataki huɗu bisa lafiyarsu, kuma tsakanin na ɗaya da na huɗu a samfuri guda kuɗin kan ninka sau da yawa. Yawancin namu, in za a faɗi gaskiya, mataki na huɗu suke ko ƙasa da shi. Jamus na ba mota lambar tarihi mai harafin H idan ta cika shekara 30, amma da sharaɗin tana cikin kyakkyawan hali kuma ba a sauya mata kama ba. Motar da aka sa wa fitilun wata, kujerun wata, da injin Toyota, za ta sha wuya a gaban mai duba ta. A ɗora kuɗin jirgin ruwa da na fito da harajin can da ladan bakanike da ake biya da Yuro a kowace awa, sai ribar da aka hango ta narke tun motar ba ta bar tashar jirgi ba.

Shi ya sa ya kamata kunne ya tashi idan dillali ya ce akwai Bature a Abuja ko Yamai da ke jira, kai dai ka fara saye yau, jibi a ninka maka. Wanda ke da mai saye a hannu da riba ninki biyu ba ya neman baƙo ya raba da shi. Abin da aka saba gani shi ne da zarar kuɗi sun shiga hannu, wayar Baturen ta daina shiga, dillalin ya karɓi la'adarsa daga ɓangarorin biyu, mai saye kuma ya koma neman wanda zai ja masa motar zuwa gida.