Filafilin da Ya Raɗa wa Gefen Jirgi Suna

A cikin jirgin ruwa ba a cika ba da umarni da hagu ko dama ba, domin hagun mutum na sauyawa da zarar ya juya, gefen jirgi kuwa yana nan inda yake. Shi ya sa matuƙa masu jin Turanci, idan sun fuskanci goshin jirgi, suke kiran gefen dama starboard, na hagu kuma port.

Sunan farko daga wani katako ya samo asali. A 1880 aka tono wani tsohon jirgin mutanen Viking daga tudun kabari a Gokstad, ƙasar Norway, wanda aka ƙera wajajen shekara ta 890. Tsawonsa ya haura mita 23. Can kusa da bayansa, ta dama, akwai wani ƙaton filafili ɗaure a jikin jirgin, da sandar riƙewa da ta shigo ciki. Da shi ake juya jirgin duka, kuma an sa shi a dama ne saboda yawancin mutane da hannun dama suke aiki. A tsohon Turanci sai aka kira wannan ɓangare steorbord, wato gefen tuƙi. Tushensa ɗaya da sitiyarin da direbobinmu ke murzawa kullum.

To, jirgi mai irin wannan filafili ba ya jingina da dama a tasha, kada ya karye. Ta hagu ake lodi, aka kira gefen larboard. Nan matsala ta taso: cikin guguwa da rugugin igiyar ruwa, wa zai bambance sunayen biyu? Kuskuren ji ɗaya ya isa ya kai jirgi kan dutse. A 1844 rundunar ruwan Ingila ta yi abin da ya dace, ta maye gurbin larboard da port, wato tasha. Ta Amurka ta bi sahu a 1846.

Mutanen Holan kuwa bakboord suke ce wa hagu, gefen da matuƙi ke juya wa baya, kuma daga gare su Faransawa suka ara.

Tun ƙarni na 12 Turawa suka fara mayar da abin tuƙi tsakiyar bayan jirgi, dabarar da Sinawa suka daɗe da sani, amma sunayen ba su gusa ba. Da dare fitilu ne ke nuna su: ja a hagu, kore a dama, har a fikafikan jirgin sama.