Ciwon Gwiwa a Garaken Timiya: Me Ke Magani, Me Ke Cin Kuɗi?

A wannan karo za mu leƙa Timiya, cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 daga Agadas. Garin ya yi suna wajen lemu da rumman da dabino. Amma duk lemun da ya isa kasuwa, gwiwar wani ce ta sha wahalarsa. Mai garka yakan wuni a tsugune, yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. Mata suna bin awaki a kan duwatsu. Masu ayari suna takawa har Bilma ɗauko gishiri, su gangara Damargu da ƙasar Hausa neman hatsi. In shekaru suka tura, sai gwiwa ta soma ƙara, tashi daga tabarma ya zama aiki.

Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga wani farin abu mai santsi a bakin ƙashi, inda ƙashi biyu suke haɗuwa. Shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙasusuwa gugar juna. Abin lura shi ne, jini ba ya ratsa shi. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abinci. In an taka ƙafa sai ya matse kamar soso, in an ɗaga sai ya tsotsi ruwa. Fata in ta yanke takan haɗe. Ƙashi in ya karye mai ɗori yakan ɗaura shi ya kama, domin jini yana kai masa kayan gyara. Guringuntsi kuwa in ya cinye, da wuya ya sake tsirowa. Wannan cinyewa ita ce ake kira amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa.

Saboda haka mu faɗi gaskiya tun da wuri: har yau babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya cinye. Wanda ya ce yana sayar da irin wannan magani, aljihunku yake yi wa magani. Amma akwai hanyoyin rage ciwon ƙwarai, har mutum ya ci gaba da aikin garkarsa shekaru masu yawa.

Hanyar da ta fi kowace amfani ba a sayenta. Ita ce ƙarfafa naman cinya. Naman cinya shi ke riƙe gwiwa, kamar yadda gwafa take riƙe reshen lemun da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Mai ciwo yakan ji tsoro ya daina motsi. Sai cinya ta rame, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwo ya ƙaru. Ga yadda ake yi. A zauna a kan tabarma, a jingina da bango. A miƙe ƙafa mai ciwo, a ɗaure naman cinya tamau, a ɗaga ƙafar kamar tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa. A ƙidaya zuwa 5, a sauke a hankali. A yi haka sau 10 da safe, sau 10 da yamma. Ba a ganin amfaninsa cikin kwana biyu ko uku. Sai an yi wata ɗaya ko biyu ana yi, amma sannu ba ta hana zuwa. Tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ita ma tana da kyau. Ɗan zafi lokacin motsi ba ɓarna ba ne. In gwiwa ta kumbura, ta kwana tana zugi, an wuce kima, sai a rage.

Sai kuma rage wa gwiwa kaya. A raba buhun albasa biyu, ko a bar wa jaki. A sami 'yar kujera a zauna a kai wajen dashe da cire ciyawa, a daina doguwar tsuguno. Gangarowa daga dutse ta fi hawa wahalar da gwiwa, don haka a gajarta taku. Sanda kuwa ba abin kunya ba ce, amma da yawa ba su san riƙonta ba. In gwiwar dama ke ciwo, a hannun hagu ake riƙe sanda, a jefa ta gaba tare da ƙafa mai ciwo. Mai jiki ya yi ƙoƙarin rage ƙiba, domin kilo 1 da ya sauka yana rage wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taku. Wanda ruku'u da sujada suka gagara, ya tambayi malaminsa. Addini ya yi sauƙi, an halatta salla a zaune.

Yanzu mu zo ga magungunan kanti. Likitoci sun fi son a fara da man shafawa mai ɗauke da diklofenak, domin kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini. Farasitamol yana ɗan rage zafi. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da dare, domin fiye da haka yana lalata hanta. Ibufurofen da diklofenak na haɗiya sun fi shi ƙarfi, sun kuma fi shi haɗari. Suna iya yi wa ciki gyambo har ya yi jini. Suna kuma cutar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a rana yana gumi bai sha ruwa sosai ba, kuma wannan shi ne halin mai garka da ɗan ayari. A sha su bayan abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai ciki, da mai hawan jini, da mai gyambon ciki, da dattijo, kada su taɓa su sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwayoyin da 'yan talla suke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, babu suna. Sau da yawa akwai deksametazon a ciki. Yana kashe ciwo nan take, shi ya sa ake yabonsa. In an daɗe ana sha sai fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙasusuwa su yi rauni. Wanda ya daɗe a kansa kada ya bari farat ɗaya, ya je likita a rage masa sannu a hankali. Taramol kuwa mun ga yadda ya kama matasa da yawa. Ba ya gyara gwiwa, kuma barinsa yana da wuya. Tsaga da ƙaho da ɗana wuta ba su isa inda guringuntsi yake. Reza mai dauɗa kuma tana iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa. Gasa gwiwa da tsumma mai ɗumi ya fi su, kuma ba ya barin tabo.

A babbar likita akan yi allurar kotizon cikin gaɓa. Takan ba da sauƙi na 'yan makonni, kuma ba a yawaita ta. Hoton ƙashi ba ya nuna guringuntsi kansa, sai dai ya nuna tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ta ragu.

Tiyata fa? Ta dogara ga irin ɓarnar. Saurayin da ya faɗo daga dabino ko daga babur, gwiwarsa tana sarƙewa ta ƙi miƙewa, wataƙila wani ɓallin guringuntsi ne ya maƙale. Irin wannan tiyata tana yi masa amfani, kada ya yi jinkiri. A shekarar 1994 likitocin ƙasar Suwidin sun bayyana yadda suke ɗibar guringuntsin mutum, su raya shi a ɗakin bincike, su cike ramin da shi. Aiki ne mai tsada, kuma na matasa ne masu ƙaramin rauni, ba na gwiwar da shekaru suka cinye ba. Wanke gaɓa da na'ura ma ba na dattijo ba ne. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi wa mutum 180 a Amurka. Waɗanda aka wanke wa gwiwa ba su fi waɗanda aka yi wa tsagar fata kawai samun sauƙi ba. In gwiwa ta ƙare sarai, ciwo ya hana barci, akan sa ta ƙarfe da roba. Ana yin wannan a manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Irin wannan gwiwa takan kai shekara 15 ko fiye, amma tsuguno da ita yana da wuya. Mai garka ya tambayi wannan kafin ya sayar da raƙuminsa.

Ba kowane ciwon gwiwa ne amosani ba. In gwiwa ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi kamar garwashi, ga zazzaɓi, to ƙwayar cuta ce ake tsoro. Tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. A nemi mota a ranar, kada a jira a ga gobe. Haka yaron da gaɓoɓinsa suke yawan ciwo, a gwada jininsa ko sikila ce. Masu kiwo kuma su lura da cutar da ke sa awaki ɓari. Tana kama mutum ta ɗanyen nono da ɗanyen cuku, da kuma taɓa mahaifar dabba da hannu. Takan kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da gumin dare, da ciwon gaɓɓai da baya. Tana da magani, amma sai an sha shi mako 6 ko fiye. A tafasa nono kafin a sha. Wanda zai je likita kuma ya tafi da duk kwalaye da ledojin magungunan da ya riga ya sha, ya nuna wa ma'aikacin lafiya.