Me Ya Sa Kwamfuta Ke Ƙin Adana Bayani?

Duk ɗalibin da ya taɓa tashi daga Tafashiya ko Kusada ya shiga garin Kankiya domin cike fom ɗin jarrabawa ta intanet ya san wannan magana: "Babu netiwok." An rubuta suna da ranar haihuwa, an danna maɓallin adanawa, sai allo ya nuna saƙon kuskure. To, sau da yawa netiwok ba shi da laifi ko kaɗan.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa bayanin da ya rubuta zango uku yake yi. Na farko shi ne na'urar da ke gabansa. Na biyu wata babbar kwamfuta ce a nesa da ake kira sabar, inda manhajar take. Na uku kuwa shi ne rumbun bayanai, watau inda ake jera bayanai layi-layi kamar littafin rajistar aji. Manhaja ita ce akawu: takan karɓi saƙo, ta ƙwanƙwasa ƙofar rumbu, ta faɗi kalmar sirrinta, sannan a ba ta izinin rubutu.

Tsinkewar hanya tsakanin zangon farko da na biyu ita ce rashin netiwok na gaskiya, irin wanda aka gani a watan Satumba na 2021 lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. Gane wannan ba wuya: buɗe wani shafi dabam. In ya buɗu, hanya lafiya take, cutar tana can gaba.

Tsakanin akawu da rumbu ne aka fi samun cikas. Wani lokaci an canja kalmar sirrin rumbu ba a gaya wa manhaja ba. Wani lokaci kuma cunkoso ne, domin kowane rumbu yana da iyakar masu shiga a lokaci guda. Idan ba a gyara saitinsa ba, PostgreSQL 100 yake karɓa, MySQL kuwa 151. Wannan ne ya sa ranar rufe rajista ta fi kowace rana wahala.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne bayanin ya iso amma bai dace da tsarin da aka shirya masa ba. A rumbu irin wannan kowane layi yana rataye da wani: Tafashiya a ƙarƙashin Kankiya, Kankiya a ƙarƙashin Katsina. Layin da ba shi da inda zai rataya, sai a mayar da shi.

Misali mafi girma a Nijeriya ya faru ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Ma'aikatan zaɓe sun ɗauki hoton takardun sakamako da na'urar BVAS domin aika su shafin IReV na hukumar zaɓe, INEC. Sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. Lura da kyau: na'ura ɗaya, rumfa ɗaya, netiwok ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya wanke netiwok. Saƙon da ya riƙa dawowa shi ne kuskure mai lamba 500, wanda ma'anarsa ita ce saƙo ya isa sabar, a can ciki ne abu ya lalace.

A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ce an tsara manhajar ne ta yadda kowane zaɓe zai rataya da wata jiha. Mazaɓar Kankiya da Ingawa da Kusada, alal misali, tana da jiharta. Shugaban ƙasa kuwa ƙasa baki ɗaya ce mazaɓarsa, sai manhaja ta rasa inda za ta ajiye hotunan. Sai ƙarfe 8:55 na dare sakamakon farko ya shiga. Jam'iyyun adawa ba su gamsu ba, kuma tun a 2023 magana ta kai kotu. A ganina, ko da an karɓi bayanin yadda yake, gwaji cikakke kafin ranar zaɓe ya kamata ya tono wannan aibi.

Shi kuwa ɗalibi ko malamin da ya gamu da irin wannan, kada ya yi ta danna maɓalli. Yana yiwuwa rumbu ya riga ya rubuta bayanin, amsar ce kawai ta ɓace a hanyar dawowa, sai danna na biyu ya haifar da suna biyu ko biyan kuɗi sau biyu. Ya fara duba ko sunan ya shiga. In bai shiga ba, ya rubuta lambar kuskuren da lokacin da ya faru, har minti, domin sabar tana da littafin da take rubuta kowane cikas, kuma da wannan lokacin ne mai gyara zai nemo layin da ya dace.