Gani Ya Kori Ji, Amma Ido Ma Yakan Ruɗe

Allah ya ba mutum ƙofofi biyar da sani ke shigowa ta cikinsu: ido, da kunne, da hanci, da harshe, da fatar jiki. Manomi ya dubi hadari a gabas, ya san ruwa na tafe. Ya dunƙula ƙasa a hannu, ya san ko ta yi laimar shuka. Ya ciji ƙwayar masara, ya san ko ta bushe ta isa zubawa a rumbu. Duk wannan sani ne na gaskiya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Haka ne, amma ido ma yakan ruɗe. Wanda ya bi kwalta daga Funtua zuwa Malumfashi da tsakar rana a bazara zai hango ruwa kwance a gabansa. In ya isa wurin, ba ko ɗigo. Kawalwalniya ke nan. Iskar da ke kan kwalta ce ta yi zafi, ta lanƙwasa hasken da ke saukowa daga sama, sai ido ya ɗauka ruwa ne.

Akwai kuma abin da ido ba ya iya gani sosai. Dā mutane sukan ɗebi ruwan kududdufi, su ga ya kwanta garau, su sha. Ashe akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari a ciki masu ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta ɓullo a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma. Da aka gane, aka koyi tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijeriya.

Haka ƙuduji yake. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa yana tsotsa. Kafin ka ga furensa, ya riga ya yi ɓarna mai yawa.

To, yaya mutum zai tabbatar da abin da ya gani? Ga hanya uku.

Ta fari, gwaji. In ka sayi takin yuriya, ɗebi kaɗan ka zuba a kwanon ruwa, ka motsa. Na gaskiya zai narke duka. In yashi ya kwanta a ƙasa, an yi maka algus.

Ta biyu, ma'auni. Hannu yakan ce buhun auduga ya yi nauyi, amma sikeli ne ke faɗin ko kilo nawa ne. Wanda ya iya karatu yakan duba lamba da kansa, ya duba abin da aka rubuta masa. Wanda bai iya ba, sai abin da aka gaya masa.

Ta uku, shaidu. Ba a ɗaukar azumi don jita-jita. Sai an binciki waɗanda suka ga wata, kana Sarkin Musulmi ya yi sanarwa.

Saboda haka in an kawo muku labari, ku tambaya: wa ya gani? Da me ya auna? Wa ya shaida?

Tambayoyi
1. Faɗi ƙofofin sani biyar.
2. Me ke kawo kawalwalniya?
3. Yaya za ka gwada takin yuriya?