Sanyin hunturu da zaɓen man inji

Daga Disamba zuwa Janairu, direbobin da ke bin babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Agiye da Gazawa sun san wahalar tada mota da asuba. Sanyi kan sa mai ya yi kauri, ya jima bai kai ga ƙarafan inji ba. A cikin ƴan daƙiƙun nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Man da aka rubuta wa « synthèse » ya fi sauran saurin gudana cikin sanyi, ya kuma fi jure zafi. Amma fa a duba lambobin jikin galan. Ta farko, mai harafin W, ta sanyi ce: ana gwada 15W a digiri 20 ƙasa da sifiri. Irin wannan sanyi na Turai ne, ba na Agiye ba. Saboda haka 10W-40 ko 15W-40 ya ishi yawancin motocinmu, sai in littafin motar ya faɗi wani. Lamba ta biyu ita ce ta zafi, da ita ake tarar Afrilu.

Babban haɗari a hunturu ƙura ce. Komai tsadar mai, in filtar iska ta huje, yashi zai ɓata shi. A duba filta, a sayi galan mai hatimi, a guji man da ake aunawa cikin kwalba.